Ƙunshi Ɗaya Don Gida Guda

(Kiɗan buɗe shiri)

 Ina gaida mutanen Libreville, na Nkembo da Akébé da Lalala da Nzeng-Ayong, da na unguwannin PK har zuwa Owendo. Ina gaida mahauta da ke kan tebur tun asuba, da masu tireda, da direbobin tasi da cunkoso ya riƙe a hanya yanzu haka, da iyayenmu mata da ke jinmu daga madafa. 'Yan'uwa na Oyem da Bitam da Minvoul, idan murya tana kaiwa gare ku, ku ma barkanku.

Ga Disamba ta kama. Duk wanda ya ratsa kasuwar Mont-Bouët a 'yan kwanakin nan ya ga kayan wasan yara sun sauko har bakin titi, 'yan tsana da motocin roba da fitilu masu walƙiya, ga masu talla suna ta kiran iyaye. Abin da za mu tattauna yau tambaya ce da da yawanmu ke yi wa kansu a irin wannan lokaci. Kana da maƙwabci Kirista, ko abokin aiki, ko suruki, gidansa cike da yara. Kana so ka kai masa kyautar Kirsimeti, aljihunka kuma ba zai ɗauki ka bi kowa da nasa ba. To wane abu guda za ka saya wanda zai zama na gidan baki ɗaya, tun daga kaka har zuwa na goye?

Wani zai ce me ya haɗa Bahaushe da wannan magana. Abin da ya haɗa mu shi ne zama. Fiye da shekara ɗari ke nan da fatakenmu suka biyo ta Kamaru suka sauka a lardin Woleu-Ntem na Gabon cikin ƙabilar Fang, suka yi kasuwanci, suka yi aure, suka haifi 'ya'ya da jikoki. Yau akwai gidajen Hausawa da dama da kawunnan yaransu da gwaggwanninsu na wajen uwa Kiristoci ne. Mafi yawan mutanen Gabon Kiristoci ne, amma ƙasar nan tana ba da hutu ranar ƙaramar salla da babbar salla kamar yadda take bayarwa ranar 25 ga Disamba. Idan muka sauko daga idi a Masallacin Hassan II ko a masallatan unguwa muka yanka ragunanmu, yaranmu ne ke ɗaukar nama a kwano su bi gidajen maƙwabta. Su ma idan sun dawo daga cocin Saint-Michel na Nkembo ko Sainte-Marie, sau da yawa sukan aiko da abin da suka san muna ci. Sannan kada mu manta da 'yan'uwanmu Kiristoci masu jin Hausa, 'yan Jos da Kaduna da Zariya da arewacin Kamaru, da ke zaune a garin nan. Su bikinsu ne, kuma su ma wannan tambaya tana gabansu.

Na san malamanmu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba game da kyauta a ranar bikin wani addini. Shirin nan ba zauren fatawa ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malamin da ya amince da shi, yana kuma iya kai kyautarsa a wata rana daban, cikin hutun makaranta ko bayan an shiga sabuwar shekara. Haƙƙin maƙwabci dai babu saɓani a kansa, kuma duk abin da zan faɗa yau zai yi aiki ko a salla ne, ko suna, ko tarewa a sabon gida.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ne ke sa mutum ya yi tunanin kyauta ɗaya tun farko. Libreville gari ne mai tsada, ba sai na gaya wa kowa ba. Mafi yawan abin da muke ci daga waje yake zuwa, kaji daskararru ta jirgin ruwa, tumatir da albasa da ayaba ta manyan motoci daga Kamaru. Mafi ƙarancin albashi a hukumance sefa 80,000 ne tun 2006, a 2010 kuma aka ce jimillar abin da ma'aikaci zai karɓa a wata kada ya gaza 150,000. Ka cire haya, ka cire kuɗin tasi, ka ga abin da ya saura. A ce ka iya ware sefa 30,000 don gidan maƙwabcinka mai mutum takwas. Idan ka raba, kowa zai tashi da 3,750. A wannan kuɗi yawanci abin da za ka samu motar roba ce da tayarta za ta cire kafin a shiga Janairu. Amma 30,000 a dunƙule tana iya sayen abu guda mai ƙwari wanda za a daɗe ana mora.

Sai dai ni a wurina akwai dalilin da ya fi kuɗi nauyi, kuma shi nake so mu tsaya a kansa. Gidajen garin nan, nasu da namu, ba uba da uwa da 'ya'yan cikinsu kaɗai ba ne. Akwai ɗan wa da aka kawo daga ƙauye don karatu, akwai 'yar ƙanwa, akwai maraya da kaka ta zo da shi, akwai yarinyar da ke taya aiki. Kai da kake waje ba lalle ka san da su ba.

Na taɓa zama a wani gida a Akébé da hantsin ranar Kirsimeti. Wani baƙo ya iso da babbar leda, mutumin kirki, ya san 'ya'yan maigidan da sunayensu, ya sayo wa kowa nasa an naɗe da takarda mai ƙyalli. Yana kiran suna, yaro yana zuwa da gudu yana karɓa. Akwai wata yarinya 'yar kimanin shekara tara, 'yar ƙanwar matar gidan, da aka kawo a farkon shekarar karatu. Tana tsaye jikin labule riƙe da tiren kofuna. Ta jira har leda ta ƙare. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce komai ba. Ta ajiye tiren, ta durƙusa tana tsince takardun da sauran suka yayyaga, tana shafe su da tafin hannu tana ninkewa. Matar gidan ta tashi da sauri ta shiga ɗaki ta fito mata da wani ɗankwali nata, tana cewa ai ga naki nan an manta a ciki. Yarinyar ta karɓa ta yi godiya, amma shekara tara ta isa mutum ya gane. Baƙon nan bai yi niyyar cutar da kowa ba, ya tafi yana jin ya kyauta, bai ma lura ba.

Kyautar da aka ce ta gida ce ba ta kiran suna, saboda haka ba ta tsallake kowa. Ɗan riƙo yana da haƙƙi a cikinta daidai da ɗan gida. Wannan shi ne babban amfaninta, kuma duk abin da za ka zaɓa, da wannan ma'auni za ka auna shi.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

To masu sauraro, a nan ne da yawa ke tuntuɓe. Akwai kayan da ake kira na iyali, amma da an buɗe kwali sai su zama na mutum ɗaya. Talabijin ita ce ta farko. Ranar da aka kafa ta kowa murna, bayan mako guda rimot ya koma hannun maigida, daga ƙwallo sai labarai. Ga kuma kuɗin Canal+ da za a riƙa biya duk wata, wanda kai mai kyauta ba ka sa a lissafi ba. Ta biyu ita ce kayan madafa, tukwane da injin markaɗe da dutsen guga. Mu maza mun iya kiran wannan kyautar iyali, alhali aiki muka ƙara wa uwar gida muka naɗe shi da takarda. Idan ita ce ta ce tana so, to madalla, a saya mata a ce nata ne. Amma yaro ɗan shekara shida ba shi da abin da zai yi murna a kai don an kawo tukunya.

Ta uku, wadda ta fi yawa a 'yan shekarun nan, ita ce waya ko kwamfutar hannu da ake cewa ta yara ce duka. Allo ɗaya ne, hannu ɗaya ke riƙe shi, kuma hannun babban cikinsu ne. Sauran sai leƙe ta kafaɗa, sai faɗa, sai kuka, uwa ta koma alƙali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa jariri da ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Gidan da ke da ƙananan yara, idan ka kai musu irin wannan, ka bar iyaye da aikin tsaro kullum, ga kuɗin intanet.

A kan wannan nake cewa, kafin ka biya kuɗin kowane abu, ka tambayi kanka me zai riƙa ci bayan ka tafi. Firiza tana cin wuta, mitar wuta ta Edan kuma ba ta san kyauta ba. Motar wasa mai batir tana neman sabon batir duk 'yan kwanaki. Kyautar da ta buɗe wa mutum sabuwar ƙofar kashe kuɗi, nauyi ka ɗora masa, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa maka ba.

Yadda nake yi ni, nakan kawo gidan a zuciyata da misalin ƙarfe takwas na dare, an ci abinci, kowa yana nan. Abin nan da nake son saya, a hannun wa yake? Ƙaramin cikinsu yana ina, a ciki yake ko yana gefe yana kallo? Uwar gida tana zaune tare da su ko tana can tana wanke abin da kyautar ta ɓata? Idan na kasa ganin aƙalla mutum uku ko huɗu a kansa lokaci guda, sai in ajiye in nemi wani. Idan kuma ban san gidan sosai ba, ba na yin kintace. Nakan sa maiɗakina ta je wurin matar gidan, su yi maganarsu ta mata. Ita ce ta san yara nawa ke kwana a gidan, da shekarunsu, da abin da suke da shi, da abin da suka daɗe suna roƙo. Ba a rage wa kyauta daraja don an yi tambaya. Yara dai a ɓoye musu, su ne ke jin daɗin ba-zata.

Yanzu mu zo ga abin da za a saya. A ganina, ga gidan da ci da sha bai gagare su ba, babu abin da ya kai wasan da ake zama a yi tare. Ludo ita ce uwa a nan. Mutum huɗu take ɗauka, ɗan shekara biyar yana iya koyonta cikin dare ɗaya, ba ta neman wuta, ba ta neman iya karatu. Ku lura da gidan da ake buga ta. Ƙwaya ɗaya ta ɓace an maye gurbinta da marfin kwalba. Kaka ta ce ita ba ta iya ba, amma tana bayan jikanta tana zungurinsa tana nuna masa wadda zai tura. Uban da yara ke shakkar yi wa magana, ga shi autarsa ta kore shi ya koma gida, kowa ya fashe da dariya har da shi. Ka nemi mai allon katako ko mai kauri, ka haɗa da 'yar jaka ta zuba ƙwayoyin, domin ta kwali ba ta jure laimar garin nan, inda ruwan sama ke dosar milimita 3,000 a shekara.

Akwai kuma songo, wasan mutanen Fang da ake bugawa a Gabon da kudancin Kamaru da Gini Ikwatoriya. Duk Bahaushen da ya tashi a Bitam ko Oyem ya san ƙarar ƙwayoyinsa a kan katako. Gurbi 14 ne, bakwai a kowane gefe, ƙwaya 70, biyar a kowane gurbi. Mutum biyu ke karawa, amma kamar dararmu ta gida, 'yan kallo sun fi masu wasa zafi. Yaron da ya saba da songo yana ƙirga da tarawa da hangen gaba ba tare da ya san lissafi yake koyo ba. Wani abin da ke burge ni da shi, a nan dattijo ne gwani. Yaran Libreville da yawa sun tashi ba su iya ba, iyayensu kuma sun bar shi a ƙauye. Idan ka sa masassaƙi ya yi maka mai kyau ka kai gidan Bafange, ka ba uba ko kaka abin da za su koya wa yara, ka kuma nuna musu kana girmama abin da yake nasu. A kula kawai, ƙwayoyinsa ƙanana ne, gidan da ke da mai rarrafe sai a riƙa ɗagawa sama.

Gidan da yaransu suka yi nisa a makaranta, Scrabble na Faransanci ya dace da su. Ƙasar nan tana da gwanaye a wannan wasa. A Yulin 2015, a gasar duniya da aka yi a Louvain-la-Neuve ta ƙasar Beljiyam, ɗan Gabon Schélick Ilagou Rekawe ya kai wasan ƙarshe, inda ya kara da Nigel Richards na New Zealand, mutumin da ba ya jin Faransanci amma ya haddace ƙamus ɗin wasan cikin 'yan makonni. Ka ba yara wannan labari tare da kwalin. Illarsa ɗaya, ƙanana da waɗanda ba su yi boko ba ba sa iya shiga, don haka idan da hali ka haɗa shi da Ludo.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Akwai kyautar da ba a naɗewa, wato fita. Yara da yawa an haife su a Nzeng-Ayong ko PK8, kullum suna jin ana maganar Pointe-Denis, ba su taɓa tsallake ruwa ba, alhali tafiyar kamar rabin awa ce a jirgi. Can ne gandun Pongara yake, ɗaya daga cikin gandayen daji 13 da aka keɓe a 2002. Disamba da Janairu kuma su ne tsakiyar lokacin da manyan kunkurayen teku ke fitowa da dare su haƙa rairayi su zuba ƙwai. Gaɓar Gabon tana cikin wuraren da irin waɗannan kunkuraye suka fi yawan saka ƙwai a duniya. Yaron da ya ga dabbar da ta fi babansa nauyi sau da yawa tana jan jiki a kan yashi, ba zai manta ba. Ana zuwa ne da ɗan jagora, ba a haska musu fitila mai ƙarfi, ba a taɓa su. Ganinsu yana bukatar kwana, kwana kuma kuɗi ne. Wannan kyauta ce ta mai hali, ko ta maƙwabta uku ko huɗu da suka haɗa hannu kamar adashi.

Maganar ruwa kuwa, ina roƙonku da babbar murya. Babu wanda ya manta da jirgin Esther Miracle da ya nutse a daren 9 ga Maris 2023 a hanyar Port-Gentil, da iyalan da suka yi kwanaki a tashar jiragen ruwa ta Port-Môle suna jiran labarin nasu. Kada yaro ya hau jirgi, komai kusancin tafiya, sai da rigar ceto daidai jikinsa. Ta manya ba ta riƙe yaro. Ka tambaya kafin ka biya, idan babu ka fasa.

Ba dole sai an tsallake ruwa ba. A hanyar Cap Estérias akwai kurmin Raponda-Walker, wanda aka sa wa sunan André Raponda-Walker, limamin Katolika na farko ɗan Gabon, masanin tsirrai da harsunan ƙasar. Akwai itatuwan da mutum biyar ba za su zagaye gindinsu da hannu ba, ana tafiya a ƙasa da ɗan jagora a dawo a yini. Akwai gidan tarihi na ƙasa a cikin gari. Akwai bakin teku kusa da makarantar Léon Mba, wanda ba ya bukatar komai sai tabarma da abinci da ido a kan yara. Ƙarshen Disamba ruwa yakan ɗan ɗaga, lokaci ne mai kyau. Abin da nake jan kunne a kai shi ne, idan fita ka ba da, ka ba da ita cikakkiya. Kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin shiga, abin da za a ci, duka. Kuma ka sa rana. Alkawarin za mu je wata rana ba kyauta ba ne, yara kuma suna riƙe irin wannan magana.

Duk wannan da na faɗa na gidan da tukunya ke hawa wuta kullum ne. Akwai gidan da uba ya rasa aiki, ko uwa ce kaɗai ke fama. A nan kada ka yi dogon tunani, abinci shi ne kyauta. Buhun shinkafa, jarkar mai, katan na kaji, ko cinyar rago daga teburinka idan kai mahauci ne, a sami abin da za a yi miyar nyembwe ko odika ranar biki yara su ci su ƙoshi kamar na kowa. Ka haɗa kwandon da kanka. Waɗanda ake sayarwa a ɗaure a manyan kantuna sau da yawa akwai giya da naman alade a ciki, wanda Musulmi ba zai saya ba, kuma yara ba su da rabo a rabinsa. Sannan ka ɗora wani ɗan abu a sama wanda zai saura bayan shinkafa ta ƙare, Ludo ko ƙwallo ko kwalin fensiran launi da takardu. Wannan ɗan abin shi ke raba kyauta da sadaka a idon mai karɓa, kuma mutuncinsa yana cikin abin da kake kiyayewa.

Fitila mai caji ko mai aiki da hasken rana ita ma ta gida ce da gaske, domin idan aka ɗauke wuta kowa kanta yake taruwa, mai aikin makaranta da mai tsintar shinkafa. Ka sa a kunna maka ita a kanti, ka ga tana ɗaukar caji, ka karɓi rasit. Gidan sauro mai magani ga kowane gado ba abin ƙyalli ba ne, amma a garin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara duk shekara, babu uwar da za ta raina shi.

Kafin lokaci ya ƙure, ga abin da ba zan tsallake ba. Abin da aka kai gida a matsayin na kowa, ƙaramin gidan sai ya taɓa shi, kuma ƙarami baki yake kai komai. Don haka da shekarun auta ake auna haɗari. Duk abin da zai iya shiga cikin kwalin tsakiyar takardar bayan gida, yana iya shaƙe yaron da bai kai shekara uku ba. Ku duba alamar da ke jikin kwali, da'ira ja da fuskar jariri da lamba 0 zuwa 3 an ja layi a kai. Mafi muni shi ne ƙaramin batir mai kama da kwabo da ke cikin kayan wasa masu kiɗa da walƙiya. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, cikin awa biyu yana iya ƙona hanyar abinci. Ka juya abin wasan a gaban mai sayarwa, ka sa farce ka gwada murfin batir. Idan ba a ɗaure shi da sukurori ba, ka ajiye. Idan kuma tsautsayi ya faɗa, kada a sa yaro amai, kada a tsaya jiran alama, a nufi asibiti nan take, Jeanne Ebori ko wanda ya fi kusa. Abubuwan fashewa na wasa da bindigar roba mai harba ƙwaya, waɗannan ban ga wurinsu a kyauta ba sam.

Wani kuma zai ce bari in sai musu aku, yara na son tsuntsu mai magana. Kada ka yi. Akun nan mai launin toka da jan wutsiya ana ta ƙarar da shi a dazuka saboda kamu, shi ya sa a taron Johannesburg na 2016 ƙasashen duniya, da Gabon cikin masu neman haka, suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ban da haka, tsuntsu ne mai rayuwar shekaru da dama, yana son kulawa kullum, kuma kan uwar gida aikin zai koma.

Sai kai kyautar. Kada ka jira daren 24, lokacin suna shirin coci da girki. Idan abinci ne, ya isa kwana biyu ko uku kafin biki, don uwar gida ta san abin da ya rage mata saya. Ka cire takardar farashi. Ka je da ƙafarka, da yaranka idan da hali, su ne za su ɗauka su miƙa, domin su ma su saba. Ka gaida maigida da matar gida da tsofaffi, sannan ka faɗa a gaban yara duka, da murya yadda kowa zai ji, cewa wannan na gidan nan ne baki ɗaya. Idan wasa ne, ku zauna ku buga zagaye ɗaya, ka kira wanda ka ga yana raɓe a gefe ka ba shi jifan farko. Kada ka ɗauki hoto ka sa a Facebook ko WhatsApp sai da izininsu, musamman idan abinci ka kai. Kuma kada kyautar ta yi girman da za ta hana mutum barci yana tunanin me zai rama da shi idan salla ta zo. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Idan ku biyu ko uku kuka haɗa kuɗi, ku tura wa mutum ɗaya ta Airtel Money ko Moov Money, ku yarda a kan abin da za a saya tun kafin a je kasuwa, kuma a ambaci sunan kowa wurin miƙawa, wanda ya ba da kaɗan da wanda ya ba da yawa. Ku je Mont-Bouët da safe kafin a cika, ku riƙe jakunkunanku da kyau, cunkoson ƙarshen shekara ba a wasa da shi.

Nan za mu dakata a shirin na yau. Ga 'yan'uwanmu Kiristoci, a yi biki lafiya. 

(Kiɗan rufe shiri)